Kurar Kawu Alu

Litinin, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Yau aka kawo ta gidan zu ɗinmu.

Ina tsaye gaban jimina da 'yan firamaren wata makaranta daga Ikorodu, ina gaya musu cewa jimina ba ta tashi sama amma in ta zura da gudu ko babur ɗin okada sai ya yi da gaske, sai ga motar jami'an kula da namun daji ta shigo ta ƙofar baya. Yaran suka watse suka bar ni ina magana ni kaɗai, suna ihu da Yarbanci, "Ikooko! Ikooko!" Kura ke nan. Ni ba sai na juya ba. Ƙarar sarƙar nan tun ina firamare nake jin ta a bayan gidanmu.

Madam Bisi, shugabar sashen ilimantarwa, wadda jami'a ta turo ni in koyi aiki a ƙarƙashinta, ta yafito ni. Ta ce, "Badiyya, zo ki gani, ai ta mutanenku ce. A kasuwar Alaba Rago aka ƙwace ta ranar Asabar."

Hausawa take nufi. Ba ta san iyakar gaskiyar da ta faɗa ba.

Na ce mata kaina yana ciwo.

Talata, 21 ga Mayu, da safe, cikin motar danfo

Rubutun ya karkace, direban nan ba ya ganin rami.

Jiya na gaya wa Umma inda aka kai kurarmu Azumi. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To." Can kuma ta ce, "Akwai inuwa a wurin?" Na ce akwai. Shi ke nan.

Tun ranar Asabar ɗin aka tsare Kawu Alu, ba su sake shi ba har yanzu. Yaya Mu'az ya bar teburinsa na nama a abbatuwa yana ta zirga-zirga ofishin 'yan sanda.

Ina ta tuna ranar da Kawu ya zo da ita. Watan azumi ne, shi ya sa ya raɗa mata Azumi. Lokacin ba a daɗe da rasuwar Baba ba, Kawu ya kwaso mu, ni da Umma ƙanwarsa da Yaya Mu'az, ya kawo mu gidansa a Agege. Ita kuma ba ta fi ɗan kwikwiyo ba, a cikin kwali, tana wari. Na yi kuka na ce a mayar da ita. Kawu ya ce, "Ita ma marainiya ce kamarki, Badi, ku yi haƙuri da juna." Da ita ya riƙa zaga kasuwanni, ganga na tashi, akayau a ƙafarsa, mutane na taruwa yana sayar da magani. Da wannan wasan muka ci, da shi na yi karatu. Karatun da ya koya mini cewa wasan bai dace ba.

Laraba, 22 ga Mayu, da azahar

Ba ta ci ba.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan magariba

Mai ƙosan bakin layinmu, wadda tun ina yarinya take yi mini gyara, yau ta tsallake ni ta sallami na bayana. Na tsaya. Ta sallami wani kuma. Na tafi aiki ban karya ba.

Na san dalili. Kowa ya sani. Bara in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Watan jiya, sati na farko da fara aikina, na dawo kaina cike da abin da aka koya mana, na tarar Kawu yana ɗaura mata takunkumi a ƙofar gida, maƙwabta na zaune. Na ce masa, a gaban kowa, doka ta hana abin nan, kuma wata rana za a zo a ɗauke ta. Ya yi dariya ya ce, "Malama ta yi magana." Mutane suka yi dariya. Yanzu an zo an ɗauke ta, kuma an kai ta inda nake aiki.

Ni ban kira jami'an nan ba. Ban san wanda ya kira ba, in ma akwai shi. Da wani zai tambaye ni da na faɗa masa. Ba mai tambaya.

Bidiyon ranar Asabar ɗin yana yawo a wayoyin unguwa. Mutum uku sun turo mini. Ban buɗe ba.

Lahadi, 26 ga Mayu, da hantsi

An sako Kawu. Yaya Mu'az ne ya kawo shi a keke-napep, hannunsa na hagu naɗe da bandeji, yana tafiya a karkace. Na durƙusa na ce, "Kawu, sannu da zuwa." Ya ce, "Yauwa." Ba Badi, ba Malama. Yauwa kawai.

Ya wuce bayan gida ya sa kujera gaban rumfarta. Turken yana nan, kwanon ruwanta yana nan. Umma ta kai masa kunu, ta je ta ɗauko shi ya huce bai taɓa ba.

Talata, 28 ga Mayu, bayan an tashi aiki

Tana ɗakin keɓewa, inda baƙi ba sa zuwa. Na ce wa mai gadi zan duba allon bayanin da za a rubuta mata, ya bar ni.

Ta rame. Tana kwance a lungu, kai a kan ƙafafu. Ban taɓa ganin fuskarta a waje ba takunkumi tsawon lokaci haka ba. Akwai layin da gashi bai fito ba, ya zagaye hancinta kamar zobe. An ajiye mata kaza, ƙuda sun rufe. Ruwa kawai take lasa da ɗan romo.

Na ce, "Azumi." A hankali, kada mai gadi ya ji. Kunnenta ɗaya ya motsa. Ba ta ɗago ba.

Masu kula da dabbobin suna kiranta Mama Alaba. Na bar su.

Laraba, 29 ga Mayu, da azahar

Madam Bisi ta shigo ɗakin darasi da murna, riƙe da leda. Ta zazzage a kan tebur: sarƙar, da takunkumin. Ta ce daga gobe da su zan riƙa koyar da yara, su taɓa da hannunsu su ji nauyi, su san abin da mugaye suke yi wa dabbobi. Kalmar da ta faɗa ke nan da Turanci, mugaye.

Takunkumin na igiya ne. A gefe ɗaya akwai ɗinki da jan zare, inda ya taɓa tsinkewa. Umma ce ta ɗinka shi, ina riƙe mata fitila.

Na ce to, Ma.

Alhamis, 30 ga Mayu, da yamma

Na yi. 'Yan sakandare ne mata, masu farin hijabi, daga Ajegunle. Na ɗaga takunkumin na faɗi abin da aka ce in faɗa, kuma duk gaskiya ne: kura ba karen gida ba ce, a daji tana rayuwa cikin danginta, mace ce ke shugabanci, tana tafiya mai nisa. Wata ƙarama mai tabarau ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, mutumin ba ya son ta ne?"

Na ce, "Yana son ta."

Ta ce, "To me ya sa?"

Na ce lokacin zuwa wurin kada ya yi, su yi layi.

Juma'a, 31 ga Mayu, da safe

Ba ta ci ba. Kawu ma haka.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan la'asar

An yi ruwa tun safe, layinmu ya cika. Ina kwashe ruwa daga zaure da bokiti Yaya Mu'az ya shigo, jini a gefen rigarsa kamar kullum. Tun abin nan bai yi mini magana ba. Ya tsaya a kaina.

"Kin kalla?"

Na ce a'a.

"To ya kamata ki kalla. Ke da kike zuwa kina ba 'ya'yan mutane labari."

Na ce, "Yaya, ka tambaye ni abin da kake son tambaya."

Bai tambaya ba. Ya zauna a kan dakali, ya cire hula. Ya ce raguna ne suka tsinke da suka ji warinta, kasuwa ta hargitse, wani yaro ya faɗi, aka ce kura ta kama shi, alhali ko kusa da shi ba ta je ba. Mutane suka yo kanta da sanduna. Kawu ya kwanta a kanta. Duk abin da aka nufe ta da shi, a bayansa da hannunsa ya sauka, har jami'ai suka iso.

"Tsoho kamar wannan," in ji Yaya. "Ya kwanta a kan kura."

Ya karɓi bokitin daga hannuna ya ƙarasa kwashe ruwan.

Litinin, 3 ga Yuni, da azahar

Na gaya wa Madam Bisi. Ban shirya ba. Ta miƙo mini ledar ne ta ce yara na jira, sai na ji bakina ya ce, "Ma, sunanta Azumi. Ta kawuna ce. A gidanmu ta girma."

Ta daɗe tana kallona. Na ɗauka za ta ce in koma jami'a a canja mini wuri. Ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ce, "Tun ranar farko kike ɗauke da wannan ke kaɗai?" Na ce eh. Ta ce, "Pele, 'yata. Pele." Sannu ke nan da Yarbanci. Ta buɗe durowa ta saka ledar ta mayar ta rufe.

Sannan ta ce, "Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Ba za ta koma gidanku ba. Ko da da ikona, ba zan mayar da ita ba."

Na ce na sani, Ma. Ni ma ba zan mayar ba.

Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ina son Kawu, kuma ba zan mayar ba.

Laraba, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Likitan dabbobi ya daɗe yana jinkiri, yana tsoron yi mata allurar barci tana wannan rauni. Yau ya ce ba sauran jira. Madam Bisi ta sa aka bar ni na tsaya a ciki.

Da ta yi barci ya buɗe bakinta, wari ya bugo mu. Haƙori biyu na gefe sun ruɓe, dasashin ya kumbura yana ruwa. Ya nuna mini da yatsa inda igiya ta daɗe tana danne kumatu a kan haƙoran. Ya ce ba na bana ba ne, ba na bara ba ne. Ya ce da wannan ciwon ta daɗe tana ci, dukan da tsoron ne suka ƙarasa karya ta.

Ya cire su. Na riƙe mata kai, yana da nauyi da ɗumi. A gida ban taɓa yarda na taɓa ta ba. Na shafa wurin zoben nan na hancinta, ina ce mata sannu, sannu, da Hausa, ban damu da wa yake ji ba.

Ba zan gaya wa Kawu ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, da safe

Na fito zan sa takalmi na tarar da baƙar leda a kansu, ɗaure. Hanta ce da tsoka mai laushi, an yanka ƙanana-ƙanana, yankan mahauci. Ɗakin Yaya Mu'az a kulle, ya riga ya tafi. Umma ce kaɗai na gaya wa zancen haƙoran, to ka ga.

Kwandasta ya ce, "Sista, wannan kayan naki yana ɗiga fa." Na rungume ta har Ketu.

Juma'a, da azahar

Ta ci!

Ta ci, ta ci, ta lashe kwanon, ta dube ni kamar in ƙaro. Mai gadi ya yi ta tafi. Na shiga bayan ɗakin ajiya na yi kukana na wanke fuska, na je na koya wa 'yan nazare yadda kunkuru yake ɓoye kai.

Talata, 11 ga Yuni, bayan magariba

Kullum da safe ledar tana kan takalmina.

Na tsaya daga nesa na ce wa bayan Kawu, "Kawu, ta fara ci." Bai juyo ba. Amma Umma ta ce da na tafi ya nemi a ɗumama masa tuwon jiya.

Juma'a, 14 ga Yuni, da yamma

Unguwa ta cika da kukan raguna. Umma ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta tana yi mini kitson Sallah, kamar ina 'yar shekara bakwai. Ta ja gashin da ƙarfi, na ce wash, ta ce in zauna daidai.

Ana cikin haka na ce, "Umma, ke ma ba ki tambaye ni ba."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "In tambaye ki me? Ni na haife ki. In za ki yi abu a gaban mutum kike yi, da wannan bakin naki da ba ya jin kwaɓa." Ta ci gaba da tsaga. "Shirun da na yi ba naki ba ne. Yayana nake kallo yana narkewa, ban san ta inda zan kama shi ba."

Na ce ina ta zaton fushi take da ni.

Ta ce, "Ina fushi mana. Kin kunyata shi a gaban maƙwabta. Wannan daban." Ta sa mai a yatsa ta bi layin. "Juyo nan."

Kitson ya yi kyau. Kaina na zafi.

Lahadi, 16 ga Yuni, ranar Sallah, bayan la'asar

Kawu ya je Idi. Yaya Mu'az ne ya taimaka masa ya sa babbar riga saboda hannun. Da aka dawo aka yi yanka, yana zaune yana kallon fiɗa, na kai masa soyayyiyar hanta. Ya karɓa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Wurin naku, ana barin kowa ya shiga?"

Na ce ana bari, Kawu.

"Har irina?"

Na ce zan tambaya.

Mai ƙosai ta aiko mana da nama. Ban san ko da ni a ciki ba. Na ci dai.

Laraba, 19 ga Yuni, bayan magariba

Madam Bisi ta ce in kawo shi da wuri kafin jama'ar Sallah su cika wurin. Sharaɗinta ɗaya, ba zai tsallake shinge ba.

Muka fito da sassafe. Ya sa farar riga da hular da yake zuwa Juma'a da ita. A danfo na zauna ta gefen hannun mai ciwo don kada a buge shi. Mun kusa Ojota gosulo ya riƙe mu, na tattaro ƙarfina na ce, "Kawu, ni ban..."

Ya ce, "Na tambaye ki?"

Na ce a'a.

"To ki bar shi, Badi."

Madam Bisi da kanta ta tarbe mu a ƙofa. Ta ɗan rusuna ta gaishe shi da Yarbanci, ya amsa mata da Yarbancinsa na kasuwa, har ta yi murmushi. Ta raka mu rabin hanya ta ce tana da aiki.

Shekaranjiya aka fitar da Azumi daga ɗakin keɓewa zuwa babban fili, mai ciyawa da bishiyar mangwaro da ɗan tafki a tsakiya. Ina hutun Sallah, ni ma ban gan ta a can ba sai yau. Muka tsaya a shinge muna dubawa. Ba ta inuwa, ba ta lungu. Sai Kawu ya ce, "Wancan mene ne?"

Tana cikin tafkin. Ta nutse har wuya, kunnuwa da hanci kawai a waje. Muna kallo ta dulmiya kai gaba ɗaya, ta fito tana atishawa, ta kama wani guntun ice da ke yawo a kan ruwan, ta jefar, ta bi shi da tsalle, ruwa na fantsama. Tsohuwar kura, tana wasa kamar 'yar kwikwiyo.

Kawu ya riƙe ƙarfen shingen da hannunsa mai lafiya. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin abin nan. Sai dariyar ta koma wani abu, ya sa gefen riga yana goge ido.

"Duk shekarun nan," ya ce. "A kwano nake ba ta. Ban san tana son ruwa haka ba."

Na ce ni ma a littafi kawai na karanta.

Ta buɗe baki ta sake cafko icen, ya ga giɓin. Idon Kawu ba ya kuskure a kanta.

"Ina haƙoranta na gefe?"

Na yi niyyar in ce tsufa ne. Na dube shi, na kasa. Na ce sun ruɓe, likita ya cire.

"Me ya ruɓar da su?"

"Takunkumin ne, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Ai ni nake ɗaura shi."

Na matsa na jingina da kafaɗarsa mai lafiya, bai janye ba. Daga ƙofa an fara jin hayaniyar yara masu kayan Sallah. Na san in suka iso ba zai ƙara samun ta shi kaɗai ba. Yana da wani kira da yake yi mata, fito ne gajere, ko barci take in ta ji sai ta miƙe.

Na ce, "Kawu, ba za ka kira ta ba? Ta san ka zo."

Na ga ya haɗa leɓɓansa. Ya ja numfashi. Sai ya sake shi a hankali, ba sauti.

"A'a," ya ce. "In na kira ta, fitowa za ta yi. Bar ta ta yi wankanta."